“Sunanka ba ya cikin na’ura”: Yadda sabunta manhaja ke ɓatar da ma’aikaci alhali fayil ɗinsa na nan

Ranar wata Litinin da hantsi na raka kawuna wani ofishi a Keffi. Saura masa ’yan watanni ya cika shekara 35 a bakin aiki, wato wa’adin da dokokin aikin gwamnati suka yanke wa ma’aikaci ya ajiye aiki idan bai riga ya kai shekara 60 da haihuwa ba, yana kuma buƙatar a buga masa takardar tarihin aikinsa domin ya haɗa da sauran takardun ritaya. Akawun da ke teburin yarinya ce mai ladabi, ba za ta wuce sa’ar autarsa ba. Ta rubuta sunansa a kwamfuta, ta danna, ta jira. Ta goge, ta sake rubutawa, ta sake dannawa. Can sai ta ɗago kai ta ce, “Baba, a yi haƙuri, sunanka ba ya cikin na’ura.”

Kawu bai ce uffan ba, sai dai na ga hannunsa da ke riƙe da ambulan yana rawa. Duk wanda ya yi aikin gwamnatin tarayya a shekarun nan ya san nauyin wannan magana. Tun watan Afrilun 2007 da aka soma tsarin biyan albashi na bai-ɗaya, IPPIS, rashin suna a cikin na’ura ya zama ƙanin zargi, domin an kafa tsarin ne da nufin tsame ma’aikatan bogi, kuma wanda aka nema aka rasa shi ne abin tuhuma na farko. Har yanzu ba a manta da tantancewar watan Oktoban 2023 ba, lokacin da Ofishin Shugaban Ma’aikata na Tarayya ya ba waɗanda ba a tantance ba wa’adin ƙarshe, ma’aikata suka yi tururuwa zuwa Abuja daga jihohi suna fargabar a tsayar musu da albashi. Mutumin Keffi yana da sauƙi a kan na Yola ko Sakkwato, tun da tazarar ba ta wuce kimanin kilomita 50 ba, amma wanda ya san cunkoson Masaka da Mararaba da Nyanya da sassafe ya san cewa zuwa sakatariyar tarayya sau uku a kan magana ɗaya ba ƙaramar ɗawainiya ba ce ga dattijo.

Daga baya muka gane cewa a ƙarshen makon da ya gabata ne aka sabunta manhajar ofishin. Sunan kawu yana nan daram, ko wasali ɗaya bai ɓata ba. Hanyar da ake bi a kai gare shi ce ta toshe. Wannan bambanci shi ne abin da ya kamata kowane ma’aikaci da kowane hadimin babban jami’i ya riƙe, domin a kansa ake yanke hukuncin da ke iya hana mutum albashin wata.

Rumbu daban, fihirisa daban

Waɗanda suka riski tsohuwar rajista ta ma’aikatu ba za su sha wuyar fahimtar lamarin ba. A can akwai kabad-kabad cike da fayil-fayil, akwai babban littafin da ke nuna lambar kowane fayil da inda aka ajiye shi, akwai kuma masinjan da ake aika ya ɗauko. Idan masinja ya dawo hannu rabbana, babu magatakardan da zai ce ma’aikacin nan bai taɓa aiki a wurin ba. Sai ya tambaya: shin an kwafi lambar daidai a littafin? An sauya wa kabad wuri? Ko makullin ne ba ya hannun masinja?

Haka rumbun bayanai na kwamfuta yake. Bayanan suna zaune a wata babbar na’ura, uwar garke, wadda ƙila tana ɗakin da ke kusa, ƙila tana Abuja. Domin kada bincike ya ɗauki tsawon lokaci, na’urar tana gina wa kanta fihirisa, irin wadda malamai suka sani a ƙarshen manyan littattafai, inda aka jera sunaye bi da bi tare da nunin inda kowanne yake. Akwatin da akawu ke rubuta suna a ciki shi ne masinjan. Sabunta manhaja ya fi taɓa masinjan da fihirisar, da kuma makullan da ke cewa wane ne ke da izinin ganin me. Ana iya rasa bayanai yayin ƙaura daga tsohon tsari zuwa sabo, ba a musun wannan, amma shi ne zato na ƙarshe, ba na farko ba.

Misali mafi bayyana ya faru a shekarar 2018. A watan Agustan shekarar aka fitar da sabon zubin wani ginshiƙi na babbar manhajar Linux mai suna glibc, zubi na 2.28, wanda ya sauya ƙa’idar jera haruffa da alamomin rubutu. Rumbunan da ke aiki da PostgreSQL, manhajar kyauta da ake amfani da ita a ko’ina cikin duniya, sun riga sun gina fihirisarsu a bisa tsohon jeri. Duk wanda ya sabunta na’urarsa bai sake gina fihirisar ba, ya shiga haɗarin ya nemi suna a ce babu, alhali yana nan, domin na’urar tana dubawa ne a gurbin da sabuwar ƙa’ida ta ce ya kamata sunan ya kasance, shi kuwa yana zaune inda tsohuwar ta ajiye shi. Ba ta nuna wata alamar kuskure, shiru kawai take yi. Maganin shi ne a umarce ta ta sake gina fihirisar daga farko, kuma a ƙaramin ofishi wannan aiki ne na ’yan mintoci.

Inda sunayenmu ke sarƙewa

A nan ne lamarin ya shafe mu fiye da wasu, kuma a nan kawu ya faɗa. Sunan mahaifinsa yana ɗauke da ’yar alamar nan ta ɗauri da ke cikin Mu’azu da Isma’ila da Sa’adatu. A idon mai karatu alama ɗaya ce. A wurin kwamfuta kuwa akwai miƙaƙƙiya, wadda ke fitowa idan an danna maballin kai tsaye, akwai kuma lanƙwasasshiya, wadda manhajar Word ke musanya miƙaƙƙiyar da ita ba tare da ta tambayi kowa ba. Kowacce da lambarta daban. Wanda ya shigar da sunan kawu shekaru da suka wuce ya kwafo shi ne daga takardar da aka buga a Word, saboda haka lanƙwasasshiya ce ta zauna a rumbun. Tsohuwar manhajar ofishin tana kau da kai daga irin waɗannan alamomi idan tana bincike. Sabuwar kuwa ta zo da tsanani, sai abin da aka rubuta ya yi daidai da abin da ke ajiye harafi da harafi. Akawu ta danna miƙaƙƙiya, na’ura ta duba ta ce ba ta san wannan mutum ba.

Abin ya ba ni dariya bayan hankali ya kwanta, domin ’yan mintoci kaɗan daga inda muke zaune akwai Kwalejin Gwamnati ta Keffi, wadda aka kafa a 1949, inda marigayi Shugaba Umaru Musa ’Yar’aduwa ya yi karatun sakandare daga 1965 zuwa 1969. A rubutun Hausa sunansa na ɗauke da wannan alama har sau biyu, a rubutun hukuma na Turanci sau ɗaya. Wato da fayil ɗinsa yana wannan ofishi a ranar, da shi ma an ce masa ba ya cikin na’ura. Kuma alamar tana da wata illa ta daban: a harshen SQL, wanda yawancin rumbunan bayanai ke karɓar umarni da shi, ita ce ke nuna farkon magana da ƙarshenta. Idan mai rubuta manhaja ya yi sakaci, na’ura za ta ɗauka sunan Isma’ila ya ƙare a “Isma”, ragowar kuma ta ɗauke shi a matsayin gurɓataccen umarni, binciken ya tsaya cak. Jami’in da ya ga haka a ofishinsa ya gaggauta kai rahoto, saboda ta wannan ƙofa ce masu kutse ke cusa wa rumbu umarninsu.

Sai kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930. Tsohon tsarin haruffa da aka gina rumbuna da yawa a kansa, wanda ake kira latin1, an yi shi ne domin harsunan Yammacin Turai, babu waɗannan haruffa a cikinsa. Manhajar MySQL ba ta bar shi a matsayin zaɓinta na asali ba sai a zubi na 8.0 da ya fito a 2018, inda ta koma tsarin da ke ɗaukar haruffan duniya baki ɗaya. Sauyi ne mai kyau, amma idan ba a yi ƙaurar da kula ba, Ɗahiru yakan wayi gari ya ga alamar tambaya ko tarkacen haruffa a gurbin harafinsa na farko. Ko ba wannan ma, mutum ɗaya yana iya zama Ɗanladi a takardar makaranta, Danladi a banki, Dan Ladi a katin zaɓe. Muhammad, Muhammadu, Mohammed da Moh’d duk mutum ɗaya ne a wurin mahaifiyarsa, mutum huɗu ne a wurin na’ura. Masu asusun fansho sun ɗanɗana wannan tun 2019, lokacin da hukumar PenCom ta sauya tsarin rajistarta, aka buƙaci tsofaffin masu asusu su sake miƙa bayanansu tare da lambar NIN, sai ga sunan da ke wajen kamfanin fansho ya saɓa da wanda ke wajen hukumar NIMC.

Lambobi ma ba su tsira ba. Lambar asusun banki a Najeriya alƙaluma goma ce, da yawa suna farawa da sifili, kuma manhajar Excel tana share sifilin farko idan ta ɗauki lambar a matsayin adadin lissafi. Kwanan wata kuwa, 03/04/1966 uku ga Afrilu ne a tsarinmu, huɗu ga Maris ne a tsarin Amurka. Sabuntawa na iya mayar da kwamfuta kan tsarin Amurka ba wanda ya lura, kuma ga mutumin da ranar haihuwarsa ce ke yanke ranar ritayarsa, wata guda ba abin wasa ba ne.

Tambayoyin da akawu zai yi kafin ya buɗe baki

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya warware matsalar kawu ba wani zurfin ilimi ba ne. Wani tsohon ma’aikacin rajista da ke kusa ya ce wa yarinyar ta bar suna, ta nema da lambar fayil. Tana dannawa sai ga kawu da hotonsa da matakin albashinsa. Wannan shi ne gwaji mafi sauƙi, kuma ya kamata ya zama ƙa’ida: ba a ce wa mutum ba ya ciki sai an neme shi da lamba, an kuma neme shi da guntun sunansa, kamar a rubuta “azu” maimakon Mu’azu, ko “anladi” maimakon Ɗanladi, idan manhajar ta yarda da haka.

Gwaji na biyu shi ne akawu ya nemi sunan kansa, ko na wani da ya tabbatar ya gani a makon jiya. Idan shi ma bai fito ba, to ba maganar mutum ɗaya ba ce, binciken ne gaba ɗaya ya lalace, sai a daina ba mutane mummunan labari a kira sashen kula da kwamfuta. Idan kuwa wasu na fitowa wasu ba sa fitowa, sai a duba me ya haɗa waɗanda suka ɓace. Ko duk sunayensu na da alama? Ko duk an ɗauke su aiki bayan wata shekara, abin da ke nuna fihirisar ta tsaya a hanya ba ta kammala ginuwa ba? Ko duk ’yan reshe ɗaya ne? Wannan na ƙarshe yakan nuna matsalar izini, domin sabuntawa takan mayar da ikon kowane ma’aikaci zuwa mafi ƙanƙanta, kuma manhajoji da yawa ba sa cewa “ba ka da izinin gani”, sai su nuna shafi wayam kamar babu komai. Idan abokin aiki ya shiga da nasa sunan ya ga bayanin, an gano bakin zaren.

Daga nan sai a duba kwamfutar kanta. A gwada wata da ke ofishin. Manhajar lilo takan ajiye tsohon shafi a ajiyarta ta wucin gadi, sai ta riƙa aika wa sabon tsari tambaya da tsohon yare, kuma share wannan ajiya aikin minti ɗaya ne. A duba agogon kwamfutar, domin a ofisoshin da wuta ke yawan ɗaukewa, idan ɗan batirin da ke riƙe da agogon ya mutu, na’ura takan farka da kwanan watan shekarun baya, shafukan da ke da tsaro kuma su ƙi buɗewa. Akwai kuma tsofaffin manhajojin da aka gina domin Internet Explorer, wadda Microsoft ta yi wa ritaya ranar 15 ga Yunin 2022. Kamfanin ya kuma sa ranar 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, saboda haka duk ofishin da ke ƙaura zuwa Windows 11 ya sa ran irin wannan tangarɗa. Idan lamba ta bayyana a fuskar kwamfuta, a rubuta ta: 403 na nufin an hana izini, 404 na nufin shafin ya bar adireshin da aka sani, 500 da 503 kuwa na nuna matsalar tana can wajen uwar garke, babu abin da akawu zai iya yi daga kujerarsa.

Idan daga sama ne

Wani lokaci laifin ya fi ƙarfin Keffi. A farkon watan Fabrairun 2022 hanyar tantance lambar NIN ta hukumar NIMC ta tsaya na kwanaki da dama, hukumar ta ce aikin gyara ne a wajen kamfanin da ke samar mata da hanyar sadarwa, wato Galaxy Backbone mallakar gwamnati. Kamfanonin waya suka kasa yi wa mutane rajistar layi, aiki ya yi tsaiko a bankuna da ofisoshin fasfo. Babu ɗan Najeriya ko ɗaya da lambarsa ta goge a waɗannan kwanaki, hanyar tambaya ce ta yanke. Haka ranar Juma’a 19 ga Yulin 2024, wata gurguwar sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu aiki da Windows, bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro. Kamfanin ya janye sabuntawar cikin ƙasa da sa’a biyu, amma gyaran ya ci kwanaki, domin da yawa sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu. A irin wannan hali kiran waya ɗaya zuwa wani reshe a Lafiya ko Akwanga ya isa ya nuna cewa abin na kowa ne, a sanar da jama’a gaskiya, a karɓi lambobin wayarsu, maimakon a bar su a layi har la’asar.

Abin da ya fi ba ni tsoro a ranar shi ne shawarar da wani ya fara kawowa da kyakkyawar niyya, cewa tun da sunan ba ya ciki, a buɗe wa Baba sabon shafi kawai. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Da an yi haka, da kawu ya zama mutum biyu a rumbu ɗaya, ɗaya mai shekara 34 a aiki, ɗaya kuma wanda aka shigar jiya, kuma suna biyu a kan mutum ɗaya shi ne ainihin abin da masu binciken ma’aikatan bogi ke farauta. Garin neman gira sai a rasa ido. Kusa da wannan a haɗari akwai aron kalmar sirrin oga domin a “duba da sauri”, da ɗaukar hoton shafin ma’aikaci a tura wa wani masani ta WhatsApp. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk hukumar da ke riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma ba mai bayanin haƙƙin neman a gyara masa abin da aka rubuta ba daidai ba. Haƙƙi ne, ba alfarmar da za a biya wani ɗan tsakani kuɗin goro a kanta ba.

Rabon masu sa hannu

Akawu ba shi ne ya zaɓi ranar sabuntawa ba. Takardar amincewa ta bi ta teburin darakta ko babban sakatare, kuma sau da yawa hadimi ne ya karanta ta ya ce a sa hannu. A ganina, bai kamata irin wannan takarda ta wuce ba sai ta amsa ko an ɗauki kwafin rumbun an kuma gwada cewa kwafin yana buɗewa, ko akwai hanyar komawa tsohon zubi idan sabon ya ƙi, da kuma wanda zai ɗaga waya ranar Litinin da safe. Kada a yarda da sabuntawa a makon da ake haɗa albashi ko ana tsakiyar tantancewa. Sa’annan a tambayi ɗan kwangila da waɗanne sunaye ya gwada binciken. Idan da John da Mary kawai ya gwada, bai gwada ba. A ba shi Sa’adatu da Ƙasimu da ’Yar’aduwa, a haɗa masa da sunayen Yarbawa da Ibo masu ɗigo a ƙasa, a ga abin da na’urar za ta ce. Ya kamata kuma a sanar da rassa a rubuce kafin ranar, domin yarinyar nan ba ta ma san an taɓa manhajar ba sai da jami’in kwamfuta ya zo, ta shafe safiyar tana ba mutane amsar da ita kanta ta ɗauka gaskiya ce.

Jami’in ya zauna da ita suka rubuta rahoto: ƙarfe nawa abin ya faru, me aka rubuta a akwatin bincike, me ya fito, da cewa lambar fayil tana aiki amma suna mai alama ba ya aiki. Ya ce zai tura wa ɗan kwangilar, kafin nan kuma a manna takarda a teburin cewa a riƙa nema da lamba. Ita kuwa ta ɗauko littafin baƙi ta shiga duba sunayen waɗanda ta sallama tun safe, ta tsinci wata Sa’adatu da wani Isma’ila a cikinsu, ta fara kiran waya. An buga wa kawu takardarsa kafin azahar. Da muka fito ya tsaya a bakin ƙofa, ya ciro biro, ya rubuta lambar fayil ɗinsa a bayan katin shaidarsa na aiki.